Turke na Goma Sha Bakwai

Ni na sa Baba ya sa hannu a takardar, kuma ba zan ɗora wa kowa laifin ba.

Sunansa Clifford Haigh. A 1985, yana saurayi a Barnsley, garin masu haƙar kwal a Ingila, ya rubuta wasan kwamfuta mai suna Ramin Kwal, ana sayar da shi a kaset. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Kwamfuta ta rubuto maka inda kake, kai kuma ka rubuta abin da za ka yi: arewa, ɗauki fitila, buɗe ƙofa. A tsakiyar wasan fitilarka za ta mutu. Daga nan sai lalube: ka taɓa bango, ka ƙirga turakun da ke tokare da rufi, a na goma sha bakwai ka juya hagu. Haka kakana, mai haƙar kwal, ya fito ranar da rami ya rufta musu.

Da wani kamfani ya nemi sabunta wasan, ciwon suga ya riga ya cinye idanun Baba. Ya ƙi. Na dage, na ce sunansa zai sake fitowa. Ya yarda saboda ni.

Ranar da sabon ya fito na dafa shayi, na zaunar da shi gaban allo.

"To, malama mai digiri biyu, karanta min."

"Babu abin karantawa, Baba. Hotuna ne. Masu kyau kuwa."

"Ina zan rubuta?"

"Ba a rubutu. Dannawa ake yi."

Ya juya kofinsa. "Duhun fa?"

Na buga har wurin. Fitila ta mutu, sai ga kibiya mai haske a ƙasa tana nuna hanya. Na gaya masa.

"Kibiya," ya ce. "Ashe kakanki wauta ya yi da ya bar faratansa a bango."

Na kira Callum, shugaban aikin. Ya ce sun gwada, mutane ba sa jure baƙin allo. Bai yi ƙarya ba: wasan ya karɓu, an yabe shi ko'ina. Wanda ya ƙirƙire shi ne kawai ba zai iya buga shi ba.

Tsohon kaset ɗin danshi ya lalata shi. Amma a saman silin na sami umarnan wasan da Baba ya buga a takarda, shafi sittin da biyu, tawadar ta koɗe. Na fara kwafe su cikin kwamfuta layi-layi, kamar yadda 'yan zamaninsu ke kwafa daga mujalla. Mako bakwai ina yi. A na biyar ƙodarsa ta gaza, aka kwantar da shi. Ban yi kuka a gaban kowa ba. A kujerar asibiti na ƙarasa.

Wata Talata da hantsi na ɗora kwamfutar a gadonsa na karanta: "Kana bakin rami. Iska na da sanyi."

"Ƙasa," ya ce, tun kafin in rufe baki.

Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da fitila ta mutu sai ya miƙa hannu yana shafa ƙarfen gado, yana ƙirgawa. "Sha bakwai. Hagu."

Na rubuta. Na karanta abin da ya fito: "Babu hanya ta nan."

"Akwai."

"Ta ce babu, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Kin tsallake layi, Imogen. Digiri biyu, kin binne ubanki a rami!"

"Gobe zan fito da kai."

"Kada ki gaggauta, 'yar nan. Na saba da wurin."

Da yamma na gano shi a shafi na arba'in da ɗaya, inda takardar ta naɗe. Layi ɗaya tak. Na gyara. Washegari na iso da kwamfutar a hammata, na tarar an cire zanen gadon. Ya cika cikin dare.

A cikin mota na buɗe wasan daga inda muka tsaya. Har yanzu yana nan a turke na goma sha bakwai. Mutane sun ce in rubuta hagu in huta. Ban rubuta ba. Wasansa ne.