Takarata da Hajiya Teku

Daren jiya wani mafarki ya same ni, irin wanda mutum zai so ya bar wa cikinsa. Na kasa.

Na gan ni a garinmu, Zangon Gishiri, ɗan ƙaramin garin nan na bakin teku inda kakanninmu suka sauke kayan fatauci suka ƙi komawa Arewa. Garin ne dai, sai dai an ɗan karkata shi. Kwale-kwale suna kife a kan rufin gidaje, masunta na jefa taru sama suna jawo kifi daga cikin gajimare. Hayaƙin bandar kifi ƙasa yake yi, yana yawo a lunguna kamar kaji. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, ranar zaɓe ce, ni ne ɗan takarar kansila kamar yadda nake a farke, kuma babbar rigata ba ta sha guga ba.

Sai ga ni a rumfar zaɓe. Jami'ar zaɓen wata ƙaguwa ce mai tabarau, ta zo wurina ta gefe, yadda suke tafiya.

"Suna?"

"Honarabul Zubairu Mamuda."

"Ajiye Honarabul ɗin a ƙofa tare da takalma."

Na ajiye shi. Ya fi takalman ƙura.

Ƙaguwa ta yi mini bayanin doka. Takarda ba ta zama a garin nan, jiƙewa take, saboda haka babu dangwale. An girke wani ƙaton tulu a tsakiyar fili. Mai zaɓe zai sunkuya ya faɗi sunan gwaninsa da ƙarfi a bakin tulun, kowa na ji. Na ce wannan ai shi ne adalci. Na tambayi da wa nake takara.

"Da Hajiya Teku," in ji ta. "Ga ta can, tana gaisawa da jama'a."

Wata mace ce mai jiki, ta ɗaura shuɗin zane, bakin zanen na ta kai da komowa a kan yashi. Duk wanda ta gaisa da shi sai ya matse hannun rigarsa.

Muna kasuwar kifi, an ɗora mu kan tebur ana muhawara. Ni na fara, don ni baki ba ya yi mini wuya. Na ce zan gina katangar da za ta tare ruwa. Ina faɗa sai wani ɗan kifi ya faɗo daga bakina, ya yi tsalle biyu a kan teburin ya mutu. Na ce zan yashe magudanar unguwa. Wani kifin ya faɗo. Na ce fitilu, na ce gada, na ce asibiti. Mata suka kawo faranti suna tsincewa, suna cewa bana alkawarin ƙanana ne, na bara sun fi tsoka.

Hajiya Teku ta gyara mayafi.

"Jama'a, ni ban iya jawabi ba. Na ce zan bi ku gida-gida, na bi. Akwai wanda ban shiga ɗakinsa ba?"

"Babu!"

"Na taɓa cewa zan zo na fasa?"

"Wallahi ba ki taɓa ba!"

Sannan ta juyo gare ni, ta yi ƙasa da murya, ba da mugunta ba. "Ɗan nan, in ka je gida ka duba gadon Inna. Ƙafar da ke jikin bango ta ruɓe. A sa mata dutse kafin ta faɗo."

Na ce to. Gida ɗaya muke da Inna, mahaifiyata. Ɗakina yana sama, nata yana ƙasa. Ban san ƙafar gadonta ta ruɓe ba, teku ce ta sani. Kunya ta kama ni har na ji hulata ta yi mini nauyi.

Sai ga ni a layinmu. Buhunan shinkafar da na raba lokacin kamfe, masu hotona a jiki, an cinye shinkafar, an cika su da yashi, an jera a ƙofar kowane gida don tare ruwa. Fuskata ce ko'ina, ɗaya kan ɗaya, tana murmushi ruwa na marinta. Da na wuce sai buhunan suka ɗauka, "Sai kai! Sai kai!" yashi na zuba daga bakinsu. A ƙofar Inna ma akwai su, amma ita ta juya hotunan suna kallon bango.

Ba ƙiyayya ba ce. Ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa kallon tsabar idona a gaban mutane ba. "Yaron nan" nake, in ta matsu ta ce "kai". Akwai wani mai gyaran taru a unguwarmu, sunanmu ɗaya, shi ma ya rasa sunansa a bakinta, "mai sunan wancan" take ce masa. Alkunyarta ke nan. Ruwa ya cinye mata tabarmi da akwati da kwanukan jerenta, wannan ce kaɗai bai taɓa ba.

Muna fili. Rana ta fito ta yamma. Ƙaguwa ta kara kunnenta a jikin tulu ta daɗe tana saurare, sannan ta cire tabarau.

"Kunnen doki," ta ce. "Saura mutum ɗaya bai yi zaɓe ba."

Jama'a suka dare. Inna ce ke tahowa, zanenta a jiƙe har gwiwa, tana riƙe da tsohuwar robar da take kwashe ruwa da ita daga ɗaki.

Na san abin da ɗan kirki zai yi. Zai ce a bar ta, a ba Hajiya kujerar. Maganar ta zo har bakina. Sai na hango kujerar kansila tana shawagi a bakin ruwa, mai laushi, da fanka a kanta tana juyawa ba wuta. Na haɗiye maganar.

Inna ta sunkuya a bakin tulu. Ta ce a hankali, "Yaron nan."

"Babu Yaron Nan a takara," in ji ƙaguwa.

"To, wancan mai hular."

"Baba, suna ake faɗa."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Har kifayen sama suka tsaya suna kallo. Na matsa kusa da ita na durƙusa, amma ba durƙuson gaisuwa ba.

"Inna, sau ɗaya tak. Ba wanda zai riƙe ki da shi."

Na ƙara matsawa kusa da ita.

"Inna, don Allah. Kujera ce fa."

Hajiya Teku ta dafa ƙirji. "Haba, ɗan nan! Ni da nake cin katangar mutane ban taɓa yi wa tsohuwa haka ba. Malama ƙaguwa, na janye. Ku ba shi."

"Ba yanzu kike janyewa ba, Hajiya, sai da yamma," in ji ƙaguwa. "A ci gaba."

Wani ya miƙo lasifika. Ina so in ce magoya bayana ne suka kara wa Inna ita a baki. Ni na karɓa, ni na riƙe mata da hannuna.

Inna ta sauke mayafin. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, a gaban duk garin. Ashe idonta ɗaya ya fara yin fari, ban sani ba.

"In na faɗa," ta ce, "ruwan zai daina shigowa?"

"Zai daina, Inna."

Ɗan kifi ya faɗo daga bakina, ya sauka a kan ƙafarta. Kowa ya gani. Ta sunkuya ta ɗauke shi, ta share masa yashi da bakin zanenta, ta sa a cikin robar don kada mutane su ci gaba da kallonsa.

"Zai yi miya," ta ce.

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar ruwa ce, kuma hannuna bai sauke lasifikar ba. Inna ta ja numfashi. Ta buɗe baki. Abin da ya fito ba suna ba ne, wata ƙara ce, ƙurr, ƙurr, kamar ana kankare siminti.

Na farka. Gari ya waye, ƙarar ba ta tsaya ba. Daga ƙasa take zuwa, gindin roba ne ke gogar daɓe. Na zura rigar da aka goge mini ta taron yau, na sauko.

Ruwa ya shigo da asuba. Inna tana duƙe a ƙofar ɗakinta, tana kwasa tana watsawa waje ta kan buhunan nan masu kallon bango. A bakin titi motar kamfe ɗina ta iso, lasifika na ta kwarara sunana, unguwa duk ta ɗauka.

Na taka cikin ruwan na miƙa hannu. "Inna, kawo robar."

Ba ta ɗago ba. Ta janye robar gefe.

"Kai, matsa can, kada ka jiƙa rigarka. Je ka, ga su can suna kiranka."