Ƙudajen Siddiƙa

Da Siddiƙa ta taɓa kumburin da ke wuyan ƙanenta Suhaibu, ta janye hannu, sai mahaifinsu Lawal ya zuba mata ido. Yarinyar da ba ta iya shiru, yau ta yi shiru.

Lawal mangwaro yake sayarwa a Zango. Ya sha yi mata dariya, wai ya tura ta jami'a tana kiwon ƙananan ƙudajen da yake kora daga ruɓaɓɓen mangwaro.

Wanzami yana zaure yana jira da ƙahonsa.

"Baba, kada a tsaga wurin nan," in ji ta.

"Mataccen jini ne, 'yar nan," mahaifiyarsu Barakatu ta ce. "A zuƙe shi mu huta. Ko ƙudajenki ne suka hana?"

Siddiƙa ta buɗe waya, ta nuna wa Lawal hoton tsutsar ƙuda biyu. Ɗaya siririya, ɗaya ta kumbura.

"Jiki ƙwayoyi ne ƙanana, Baba, suna rabuwa suna yawa. Akwai sinadarin da ake kira furotin. Wani yana ce musu ku girma, wani yana cewa ya isa. A wannan tsutsar mun kashe mai cewa ya isa. Shi ne ƙari ya fito. A jikin mutum ma hakan na faruwa."

Lawal ya daɗe yana kallon hoton. Ya dubi Suhaibu, wanda ke tsotsar ƙwallon mangwaro, kansa a karkace.

"To, da ta kumbura, me kuka ba ta?"

"Ba mu ba ta komai ba."

"Nawa kuka warkar?"

"Ba warkarwa muke yi ba, Baba. Kallo muke yi, mu gane."

"Kin san ciwon, ba ki san maganin ba?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a fuskar wayar.

Lawal ya fita zaure, ya ba wanzami haƙuri, ya raka shi bakin hanya. Washegari suka hau mota zuwa Katsina. Likita ya ɗebi tsoka kaɗan daga wuyan yaron don gwaji, ya ce za a kira su.

Ba a kira ba tukuna. Har yanzu babu wanda ya san ko ƙarin mai tsayawa ne ko mai yaɗuwa.