Kamun Ƙafa Wajen Mama Adijat

Ban gama firamare ba, amma na tsufa ina dillancin leshi a Kantin Kwari, na kuwa san halin manyan mutane.

Wata safiya 'yata Raudha ta same ni a zaure a Rijiyar Lemo, ido jajir. Digiri na biyu take yi, kan ko garin ƙwallon dabino yana rage sukari a jini, kuma ranar da za ta kare aikin gaban malamai ta matso.

"Baba, binciken da na jingina aikina da shi, ashe mujallar da ta buga shi ta janye shi tuntuni. Alƙaluman ƙarya ne."

"To ke ina kika samo shi?"

"Kowa da shi yake kafa hujja. Wannan ya gani wajen wancan ya kwafa, ba mai komawa ya duba asalin. Dakta Musiliu ma ya kawo shi a rubutunsa, shi ya ce in ɗauka."

Dakta Musiliu ne mai duba aikinta. In ta yi shiru, baƙon malamin da za a gayyato yana iya ganowa ya kayar da ita. In ta faɗa, ta kunyata malaminta.

Na ce, "Bar mini. Ba a tunkarar babba kai tsaye. Ta wajen uwarsa za mu bi."

Uwar tasa, Mama Adijat, tsohuwar kwastomata ce a Sabon Gari. Muka je da turare. Bayan gaisuwa na fassara mata matsalar da harshen kasuwa: kamfani ya ce a dawo da atamfa tana zuba, 'yan kasuwa kuwa suna ta sayarwa don ba su ji ba. Na roƙe ta ta gaya masa a hankali, in ya ci ya ƙoshi, kada sunanmu ya fito.

Ta ce, "Ba komai, Alaji." Ta jawo waya, ta buɗe sifika.

"Musiliu! Ga Alaji Wali da ɗalibarka a gabana. An ce kana raba wa 'ya'yan mutane kayan da kamfani ya janye!"

Raudha ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuma na ƙura wa fanka ido.

Can ya ce, "Mama, ba ta wayar."

Raudha ta faɗa masa sunan binciken. Muka ji yana danne-danne a kwamfuta.

"Innalillahi! Ga shi an rubuta an janye shi, da jan rubutu ƙato a sama." Sai ya fashe da dariya. "Raudha, me ya hana ki zuwa ofis?"

"Baba ne ya ce…"

"Alhaji, ina kwana?"

"Lafiya lau, Dakta. Ni rakiya kawai na yi."

Ya ce ta zo gobe su zauna. Gwajin da ta yi da hannunta yana nan daram. Za ta daina dogaro da binciken, ta rubuta a fili cewa an janye shi. Shi ma zai sanar da inda ya buga nasa a gyara.

Ranar karewa, baƙon malamin bai gama gyara zama ba ya tambaye ta wannan binciken. Ta buɗe masa shafin da ta rubuta cewa an janye shi. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya wuce. Ta ci.

Mama Adijat kuwa har yau gaya wa maƙwabta take ita ta gyara wa jami'a kuskure. Ban taɓa musa mata ba.