Dutse a Jikin Shinge

Takardar roƙon ta sha ninki har ta fara rabewa a tsakiya. Baba Direba ya shimfiɗa ta a kan teburin magatakardan maƙabarta, sannan ya nemi benci ya zauna yana haki. Zuwansa na biyar ke nan a wata guda.

Maƙabartar ta hukuma ce, kuma shingen waya ya raba ta biyu: Musulmi a yamma, Kirista a gabas. Matar Baba Direba tana kwance a gabas, dab da shingen. Shekara arba'in da ɗaya suka yi tare, shi yana zuwa masallaci, ita tana zuwa coci. Abin da yake roƙo bai taka kara ya karya ba: a ajiye masa wurin da ke daura da ita ta ɓangaren Musulmi. Ya yi nazarinsa tsaf. In an kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla, ita zai fuskanta.

"Baba, na gaya maka, hukuma ba ta da ɓangare a nan," in ji magatakarda. "Fili muka ba kowa, kwamitinsu ke rabawa. Ni nawa shinge ne, da magudanar ruwa, da yanayin ƙasa."

"Na je wajen Liman, ɗana. Ya ce ba a kama wa mai rai kabari, layi ake bi. Na je wajen Fasto, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce in ina so in zo in kwanta a nasu ɓangaren. Na ce masa, tana raye ba ta ja ni coci ba, ban ja ta masallaci ba, sai yanzu da ba ta da bakin magana?"

Magatakarda ya murza idanunsa. Shekara goma sha tara yana kan wannan kujerar, kuma ba abin da ya ƙware a kai kamar cewa "ba hurumina ba ne". Ya yarda da dokar har ransa, don ya san rigimar da ake kwasa in ma'aikacin hukuma ya fara zaɓar wa mutane makwanci. Amma yau ya gaji da jin maganar a bakinsa.

"Saura mutum nawa kafin layi ya iso wurin?" tsohon ya tambaya.

"Uku."

"Uku!" Ya yi wata 'yar dariya, ya zaro ledar magani daga aljihu, ko ɓare kwalin ba a yi ba. "Likita ya ce in na riƙe wannan zan ƙara shekara goma. Ka ji mugun labari."

Ya mayar da ledar ya fita. Ta taga magatakarda ya hango shi durƙushe a jikin shinge, ya zura hannu ta cikin waya yana cire mata ciyawa. Ledar nan ta tsaya masa a rai.

Cikin mako biyu aka binne mutum biyu. Ranar Litinin mai haƙan kabari ya shigo ofis, ya jingine digarsa a bakin ƙofa. Mutum ne marar yawan magana, ya tsufa yana haƙa wa ɓangarorin biyu.

"Yallaɓai, akwai dutse a layin shinge. In an wuce wuri na gaba, na bayansa diga ba ta shiga."

"Dutse? A ƙasar nan da ko da cokali za ka haƙa ta?"

"Ni dai na buga, na ji dutse. Sai dai a tsallake."

Suka kalli juna. Yanayin ƙasa dai hurumin magatakarda ne, ba na Liman ba, ba na Fasto ba. Ya jawo rajista ya rubuta cewa wuri na tara a layin shinge dutse ne, a tsallake shi. Ya buga hatimi, ya aika wa kwamitocin biyu kwafi kamar yadda doka ta tanada. Liman ya karanta, ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, "Ikon Allah," ya sa hannu.

Washegari sai ga Baba Direba, hula a karkace.

"Na ga an kafa turke a wurin, wai dutse ne. Ashe har ƙasar ma ta ƙi ni?"

"Baba, abin da zan iya gaya maka ɗaya ne. Babu wanda za a sa a wurin nan, na rubuta. In wata rana mai haƙa ya ce dutsen ya yi laushi, shi ma zan rubuta."

Tsohon ya leƙa ta taga. Can waje, mai haƙa yana wasa digarsa, bai ko ɗago kai ba. Baba Direba ya ninke takardarsa a hankali, ya sa hannu a aljihu, ledar maganin ta yi ƙara.

"Ɗana," ya ce, "ko kuna da ruwan sha a ofishin nan?"