Ranar da Muka Tsallakar da Inna Kuluwa

Daren jiya na yi wani mafarki da ya bar ni da ciwon jiki. Na tsinci kaina a layinmu da tsakar rana, sai dai titin ya yi faɗi, ya cinye dakalin kowa har bakin zaure. Motoci na wucewa ba tsayawa. Mutane kuwa suna tafiya a karkace, bayansu manne da katanga.

Muna taron 'yan layi a cikin busasshiyar kwata, domin nan kaɗai ya rage mana. Malam Sabi'u tela ne shugaba. Ni ne magatakarda, kamar yadda nake a farke shekara huɗu ke nan, ba wanda ya yarda ya karɓe ni.

Inna Kuluwa, tsohuwar da gidanta ke jikin nawa, ta ɗaga sandarta.

"Shekara uku rabona da ƙanwata Azumi," in ji ta. "Ga gidanta can tsallake, ina hango zaninta a igiya. An ce jikin ya matsa mata. Kullum na fito jiran motoci su tsagaita, rana ta kora ni ciki. Isiyaku, so kake sai dai in ji labari?"

"A'a, Inna," na ce.

Aka yanke shawarar dasa darbejiya a ƙofar gidanta, ta samu inuwar jira. Aka ɗora mini tsiron a bokiti, aka ce in je in nemo izini.

Sai ga ni a wani ofis. Shugaban wurin bunsuru ne sanye da tabarau. Na durƙusa na miƙa takardarmu. Ya karanta ta daga ƙasa zuwa sama, sannan ya cinye ta a natse.

"An karɓa," ya ce. "Ina bishiyar?"

Na tura bokitin gabansa. Ya tsinke ganye biyu ya tauna.

"Da ɗaci. Ta ci jarrabawa. Amma izinin bishiya na ba ku, ban da inuwa. Ofishin inuwa yana sama."

"Ranka ya daɗe, ginin nan ba shi da bene."

"Shi ya sa ba a cika samun layi ba," ya ce.

Ban nemi saman ba. Ƙafafuna sun riga sun yi nauyi.

Muka dasa ta. Hadari ya haɗu a ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya kece yana tashi sama, yana shiga ta ƙafar wando yana fita ta wuya. Ƙasa ta soma bushewa. Matan layi suka fito da kwanuka da bahuna, suka kifa su a kan iska suna tare ruwan, suna danna shi cikin ramin da ƙarfi. Haka muka yi ta yi har kafaɗata ta sage.

Kafin la'asar darbejiya ta wuce tsayin gida. Amma da yake ba mu da takardar inuwa, inuwar ta tsallake titi ta faɗa ƙofar gidan Azumi. Muna kallo aka fito da Azumi, aka zaunar da ita a cikin inuwar.

"Ku bar mata," Inna ta ce. "Ita ce marar lafiya." Ta juya za ta koma gida, tana share ido da gefen mayafi.

Ni dai zama nake so in yi. Na ɗauko tabarmata, na rasa inda zan shimfiɗa, sai na shimfiɗa ta a kan kwalta. Wata tirela ta taho a guje, ta ja birki a bakin tabarmar. Ta yi sallama. Ta shiga cire tayoyinta ɗaya bayan ɗaya, domin ba a taka tabarmar mutane da takalmi.

Malam Sabi'u ya dube ni, ya dubi tirelar.

"Kowa ya kawo tasa," ya ce.

Muka jera tabarmi daga wannan bakin titi zuwa wancan. Motoci suka yi layi suna kwance tayoyi, suna tsaki ƙasa-ƙasa. Na riƙe hannun Inna muka hau. Taku uku, ta tsaya ta huta. Taku uku, ta tsaya ta gaida wata motar haya, ta tambaye ta mutanen gida. Ban taɓa sanin titi na da nisa haka ba.

Muka isa. Inna ta zauna kusa da ƙanwarta, suka daɗe suna kallon juna.

"Kin rame," in ji Inna.

"Ke ma, Yaya."

Suka ƙara matsowa, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Na jingina da bango, na lumshe ido. Sai na ji Malam Sabi'u ya dafa ni.

"Sannu, magatakarda. Tashi. Mutanen layin baya sun aiko, su ma suna da tsohuwa."

Na buɗe baki zan ce a nemi wani, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Na farka. Gari ya waye, hannuna na dama a lanƙwashe, ya yi tsami.