Kalmar da Na Ɗauko a Indiya

Shekara talatin da huɗu ina aure a Balan ta ƙasar Gaya, bakina bai taɓa kama sunan mai gidan nan ba. Ba kuwa zan fara yanzu don ya kwanta dama ba.

Da ciwon ƙodarsa ya tsananta, autanmu Muzammil ya kai mu asibiti a Indiya. Ranar farko nas ta tsare ni, wai in faɗi sunan mara lafiya. Na harari Muzammil na ce, "Kai bakinka ciwo yake? Faɗa mata mana!"

Wata tsohuwa da ke jinyar mijinta a gadon kusa da mu ta lura, ta yi ta dariya. Ta nuna nata, ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce, "Wo." Muzammil ya tambayo mana. Wai a yarensu wo shi ne "shi", ko "wancan", kuma matan da can da shi suke ambaton miji don kunya. Na ce ikon Allah, ashe ba a Gaya kaɗai aka raba kunya ba!

Sunanta ya fi ƙarfin harshena, na sa mata Dada. Wata biyu muka yi tare da kalmar nan guda. Da safe ta ce, "Wo?" in yi mata alamar ya ci abinci ko ya ƙi. Ni ma in tambayi nata.

Bayan mun dawo gida, duk Juma'a sai ta kira a waya mai hoto. Ta ce, "Wo?" in juya wayar, ya ɗaga mata hannu daga kan tabarmarsa.

Da Allah ya karɓi abinsa, aka yi sadakar arba'in, kowa ya watse. Muzammil ya koma Kano. Gida ya rage daga ni sai kaji, ba mai zancensa kuma. Dada kaɗai ta rage a duniya da ke tambayarsa kamar yana nan. Juma'a shida wayar na kuka ina kallonta. Wallahi tsoro nake ji, in na gaya mata, shi ke nan, ba sauran mai tambaya.

Jiya dai na ce wa kaina, Larai, wannan ba hali ba ne. Na ɗauka.

Ta rame ƙwarai. Ta ce, "Wo?"

Na juya wayar. Ga tabarma a naɗe jikin bango, ga hularsa a ƙusa.

Na juyo da wayar gare ni. Na ce, "Wo?"

Ita ma ta juya tata. Gado ne a gyare, an ɗora tabarau a kan matashi.

Muka zauna muna kallon juna har cajin wayata ya ƙare.