Kejin Ɓera Mai Ɗinki a Ka

Da na buɗe ɗakin ɓeraye da safen nan, ƙarnin jini ne ya tarbe ni. A kejin ƙarshe na layin ƙasa, dusar katakon da na shimfiɗa jiya ta yi jajir. Ɓera ɗaya ya mutu, an cinye masa kunne da gefen wuya. Wani ya lafe a lungu yana karkarwa. Mai ɗinki a ka kuwa yana tsaye a tsakiya, bakinsa jiƙe da jini, yana kallona.

Aikina ke nan a wata makarantar koyon aikin lafiya da ke bayan garin Makarfi. Ni ke wanke kejunan, na roba ne masu murfin waya, in canza dusa, in cika kwalaben ruwa, in zuba abinci. Fararen ɓerayen na Malama Farida ne, wadda ke binciken abin da ke samun ƙwaƙwalwa idan kai ya bugu. Sai ta yi wa ɓera allurar barci, ta kwantar da shi a ƙarƙashin wani bututu da ke tsaye, ta saki ɗan ƙarfe mai nauyi ya faɗo masa a ka, sannan ta ɗinke wurin. Idan ya farfaɗo sai a shiga gwada shi. Akwai siririn katako da ake ɗora shi ya bi, a ga ko ƙafarsa za ta zame. Akwai kuma wani babban baho da muke cikawa da ruwa, mu dama madarar gari har ya yi fari, don ɓeran ya yi iyo ya nemo ɗan tudun da ke ɓoye a ciki. Mai lafiya yakan haddace wurin. Wanda aka buga wa kai sai ya yi ta zagaya bakin bahon har a tsamo shi.

Dokar Malama ita ce kowane mai ɗinki shi kaɗai a kejinsa. Ashe kejin wannan ne ya tsage, wani ɗalibi ya mayar da shi cikin 'yan uwansa, wai ai tare suka tashi. Na sa safar hannu na miƙa in ɗauko shi, ya cafke min yatsa, haƙoransa suka huda robar. Ina shirin fizgewa Malama ta shigo. Ta ce kada in ja, in na ja sai ya tafi da naman. Ta kashe fitila, ta yafa tawul a kan kejin da hannun nawa, ta ce in yi shiru. Muka tsaya a cikin duhu jini yana taruwa a cikin safar, har na ji muƙamuƙinsa ya saki.

Tana wanke min ciwon take cewa wannan ɓeran a da shi ne ya fi kowa sanyi. Ba mugunta ba ce, in ji ta, haske da motsi ne suke yi masa yawa yanzu.

Ba a daɗe da wannan ba maigidana Zulkifilu ya faɗo daga kan motar rake. Lodi yake yi a Gubuchi, inda muke zaune. Igiya ta tsinke yana kan kaya, ya sauko da ka a kan kwalta. An kwantar da shi a asibiti a Zariya, aka ɗinke shi, aka sallamo shi da magunguna. Likita ya ce a bar shi ya huta a wurin da babu hayaniya. A gaban Sada, wan maigidana, likitan ya faɗa, a gaban mahaifiyarsu Inna Adama ma. Kowa ya ce to.

Amma wa zai kori wanda ya zo dubiya? Tun hantsi ake sallama. Dangi daga Nasarawan Doya, abokan lodi, 'yan uwan Inna daga Kudan, kowa da ƙwaryar fura ko ƙullin mazarƙwaila. Su cika ɗakin har bakin ƙofa, a bi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya ƙarfin jiki. Kuma kowa sai ya sunkuya kusa da fuskarsa ya tambaye shi ko ya gane shi. In ya yi shiru a ce ya daure ya tuna. In ya faɗi sunan wani a yi dariya a gyara masa. Ina daga tsakar gida ina ganin jijiyar wuyansa tana tashi.

A kan kawunsa abin ya fara. Ya wurga masa kwanon fura a goshi, sai da aka sa tsumma aka tsayar da jinin. Bayan nan ya maka rediyo da bango. Wata rana ina ba shi magani cokali ya faɗi a siminti, ya kama kunnena ya murɗa har ɗankunnen ya yaga fatar. Da ya ga jinin sai ya tambaye ni wa ya yi min haka, ya ce in faɗa masa ya je ya same shi. Mutumin da tun aurenmu ko tsawa bai taɓa yi min ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɗan tsako. Yana zaune a bakin ɗaki yana shan iska, tsakon ya ɓace wa uwarsa yana ta tsiyu-tsiyu kusa da ƙafarsa. Ya sa hannu ya ɗauke shi a hankali kamar zai mayar da shi. Tsakon bai yi shiru ba. Ya dunƙule hannun har kukan ya tsaya, ya buɗe, ya goge a wandonsa. 'Yata Rumaisa tana bayana a goye. Ko tafiya ba ta fara ba, kuma tana haƙori, kuka take yi ba dare ba rana.

Na ba Malama Farida labari muna kwashe ruwan baho. Na ji nauyin in haɗa mijina da ɓera, amma na gaya mata yadda ƙafarsa ta hagu take zamewa in zai taka dokin ƙofa, irin ta waɗanda muke ɗorawa a kan katako. Ta ce ita ba likitar mutane ba ce, a mayar da shi asibiti a faɗa musu duk abin da yake yi. Kafin nan a rage masa mutane, kuma kada a bar yarinya kusa da shi ko da yana dariya.

Na gaya wa Sada. Ya ce za a duba bayan an gama saran rake. Ga Inna kuwa ba ni da bakin magana, domin Rumaisa 'yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da ita. Kakar ce mai iko. Ni da nake barin ta wurin Inna in tafi aiki, sai na koma tafiya da ita, in ajiye ta wurin mai sayar da abinci a bakin makaranta. Inna ta lura. Ta fara cewa matan yanzu ba su da kunya, kuma ita ta san maganin ɗanta: a ɗora masa jininsa a cinya, in ya ji ɗuminta hankalinsa zai dawo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci gidan ya cika fiye da kullum. Ina raba ruwa a tsakar gida da goyo a bayana, Inna ta zo ta bayana ta kama bakin majanyin.

"Ke Mukarrama, sace ta za a yi ne? Kullum a maƙale kamar kaska. Sauke min ita."

Mata suka yi dariya. Wata ta ce a zamaninsu ko kallon ɗan fari ba a yi. Idanu duk suna kaina, ga dattawa a zaure suna ji. Na ce tana barci. Inna ta ce ai ita ma ta yi goyo, ta kwance majanyin da kanta, ta ɗauke ta, ta nufi ɗakin.

Na ajiye butar na bi ta. Maza sun cika ƙofa, ban isa in ratsa su ba, sai na leƙa ta tsakanin kafaɗunsu. Yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango, ɗinkin ya fito fili a askakken kansa. Inna ta ɗora masa ita ta ce ga 'yarsa, ya faɗi sunanta. Kowa ya ɗauka, ya faɗi sunanta, ya faɗi sunanta. Ya kalle ta, har ya shafa kanta. Sai ta farka ta ga fuskoki, ta tsala ihu.

Na ga yatsunsa suna rufewa a kan damtsenta.

Sada ne ya fara ganewa. Ya kama hannun ya ja, shi kuwa ya ƙara matsewa. Kukan yarinyar ya canza, ya koma wani siriri da ban taɓa ji ba. Sada ya sake ja da ƙarfi, Zulkifilu ya sa kai ya buge shi a baki, haƙori ya faɗo a tabarma. Ɗakin ya kaure da salati. Wani ya shaƙo wuyansa ta baya, wani yana dukan gwiwar hannunsa, Inna tana jan ƙafar yarinyar. Duk wanda ya ja, Rumaisa ce take ji a jikinta.

Ban san lokacin da na fizgo bargo daga kan igiya ba. Na ture Kawu, dattijon da nake durƙusa wa, har ya zauna a kan ƙwaryar fura. Na bangaje na kusa da shi. Na buge hannun Inna daga ƙafar 'yata.

"Ku fita. Duk ku fita, ku ja min ƙofar."

Ina jin muryar ce ta ba su tsoro, don ba su taɓa jin ta ba. Suka ja baya, suka ja ƙofar. Na lulluɓa masa bargon tun daga kai har kafaɗa, na tura tagar ta rufu. Ɗakin ya yi duhu sai ɗan hasken da ke ƙarƙashin ƙofa. Na durƙusa a gabansa, na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin yarinyar, ɗayan na zura cikin bargon in taɓa ƙirjinsa. Ya cije ni a tsintsiyar hannu. Na ji haƙoran sun kai ƙashi. Ban ja ba. Na sunkuya na sa mata nono a baki tana kan cinyarsa, ta ƙi, ta ƙi, sannan ta kama, tana sha tana shessheƙa.

"Malam, ni ce. Babu kowa. Sun tafi."

Na yi ta maimaitawa a hankali. Jinina yana bin gwiwar hannuna yana ɗiga a kan rigarta. Can na ji numfashinsa ya fara sauka. Haƙoran suka saki. Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, na zare ta. Hannunta na dama ya yi laƙwas, bai bi jikinta ba.

Ina miƙewa ƙofar ta buɗe, Sada ya shigo da icen girki, jini ya wanke masa gaban riga. Ya ɗaga ya sauke a kan bargon. Na ji ƙarar a kafaɗarsa, na ji ta biyu, ban san inda ta sauka ba. Zulkifilu ya kira sunana daga cikin bargon, da muryarsa ta da. Na ce wa Sada ya kiyayi ɗinkin, kada ya taɓa masa kai, amma ban tsaya ba. Da na ajiye ta in riƙe Sada, wani ne zai ɗauke ta. Na ratsa matan na fita, babu mayafi, babu takalmi, na tsayar da mai mashin.

A asibitin Makarfi suka ce ƙashin kafaɗarta ya tsage, amma na yara yana haɗewa. Suka ɗaure mata hannun a ƙirji, ni kuma suka ɗinke ni. Muna can maƙwabcinmu ya kira wayar mai mashin ɗin, wanda ɗan unguwarmu ne, ya ce an ƙwace icen daga hannun Sada, an ɗaure Zulkifilu da igiyar rake, yana da rai, yana ta tambayar ina muke. Ya ce Inna kuma ta ce in dawo mata da jikarta, sannan in zo in ba dattawa haƙuri.

Ban koma Gubuchi ba. Na samu motar Ikara, daga can na shiga ta Paki, wurin mahaifiyata da muke kira Gwaggo. Gwaggo ta ga hannun yarinyar ta ga nawa, ba ta tambaye ni komai ba sai da ta dama kunu. Na gaya mata yaye na kawo. Ta ce yarinyar ba ta isa ba, ko rarrafen kirki ba ta yi. Na ce na sani. Ta tambaya ko na baro gidan ke nan. Na ce a'a, gobe zan koma in kwance shi, in kai shi Zariya ko Sada ya yarda ko bai yarda ba, in kuma sa kwaɗo a ƙofar ɗakin. Amma ba zan iya yin wannan da goyo ba.

Da safe na ba ta nono har ta ƙoshi ta yi barci, na kwantar da ita a gefen da ba ya ciwo. Na nuna wa Gwaggo yadda ake ɗaga ta ba a taɓa kafaɗar ba, na sa ta gwada a gabana har sai da na gamsu.

"Gwaggo, ko Inna ce ta zo da kanta, ko da dattawa ta zo, kada ki ba ta."

Gwaggo ta ce ai sai dai su bi ta kanta. Ta ara min mayafi da silifas. Na fita ta ƙofar baya don kada ƙarar ƙyauren zaure ta tashe ta. Kafin mu kai Ikara gaban rigata ya jiƙe da ruwan nono, na ninka mayafin na danne, na ce wa direba ya sauke ni a inda ake samun motar Makarfi.